Direban da Ba Shi da Mota

A aikinmu na fassarar labarai akwai kalmomin da muke bari su shigo Hausa da takalmansu, saboda lokacin karanta labarai ya matso, babu mai sukunin tsayawa ya cire musu. Direba ba ta cikin waɗannan. Ita ta daɗe da shigowa, ta yi gida, ta yi jikoki, har an manta baƙuwa ce. Shi ya sa ban taɓa yi mata kallon zargi ba, sai ranar da ta kusa wargaza auren ƙanwata.

Ƙanwar tawa ce ta haɗa kwamfutarta da hannunta. Tun tana karatun jami'a a Naraguta, nan Jos, take ɗaukar bidiyon bukukuwa, musamman wuraren da maza masu kyamara ba sa shiga, kamar kamu da sa lalle. Matan Anguwan Rogo suka gano ta, aiki ya yi mata yawa. Ta ƙi sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta, ta ce ba ta cin tuwon da ba ta ga tuƙinsa ba. Ta riƙa tara kayan cikin ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a babban tiren shayin Inna, har ta tayar da wani baƙin akwati mai gilashi a gefe, da fankoki masu fitilu suna juyawa ja da kore. Inna ba ta taɓa kiransa kwamfuta ba. Akwatin take cewa, da irin muryar da take kiran maƙwabcin da ba ta gama yarda da shi ba.

Abu ɗaya ya rage, katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfutar. Tana da wani ƙarami na hannu da take lallaɓawa, amma in ta ɗora masa bidiyo sai amarya ta riƙa tafiya tana tsayawa kamar mai tsallake kwata. Da ta samu hali ta yi odar sabo daga Kano, tsohon kuma ta ba wata ƙawarta. Wanda ya kawo sabon shi ne mai neman aurenta, direban motar haya tsakanin Jos da Kano, mutum mai tsafta, mai saurin dariya. Ya hana fasinja kujerar gaba, ya ɗora kwalin a kai, ya ɗaura masa bel, haka suka zo.

Dole in faɗi matsayin Inna a kan wannan nema. Babanmu direban babbar mota ne, ya yi rayuwarsa yana kai dankali da tumatir kudu. A kan gadonsa ya rasu, cikin tsufa, amma Inna takan ce ita ta yi masa takaba a zuciyarta ba adadi kafin ta gaskiyar ta zo. Da aka kawo mata maganar wannan yaro, amsarta gajeriya ce: “Na auri hanya sau ɗaya, ba zan kuma ba ta 'yata ba.” Kawu, ƙanin Babanmu, shi ya yi ta zarya har ta sassauto. Aka tsayar cewa ranar Asabar manyan yaron za su zo gaisuwa. Ta yarda, amma irin yardar mai riƙe da ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Abin ya faru ana saura kwana kaɗan, da safe, ranar da ba ni da aiki. Ƙanwata ta soke sabon katin a mazauninsa, ta ɗaure, ta kunna, hoto ya fito. Sai ta ɗora masa 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta san yadda za ta yi aiki da shi. Masu sana'ar direba suke kiran wannan manhaja, kuma kowane kati da nasa. Da ta gama, kwamfutar ta nemi a sake tayar da ita. Ta latsa. Fankoki suka juya, tambarin kamfani ya fito, wasu 'yan ɗigo suka fara zagaye, sannan fuskar ta yi baƙi ƙirin. Muka jira. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ta kashe ta kunna, aka maimaita wasan daga farko har baƙin.

Ni aikina a wurin riƙe tocila ne. Ita kuwa in ranta ya ɓaci da ƙarfi take tunani.

“Tunda na bar direban nan ya shigo komai ya lalace,” ta ce. “Jiya fa lafiya ƙalau nake.”

Tagar ɗakinta tsakar gida take kallo, kuma a ƙarƙashin tagar Inna ke zaune tana feren dankali. Mu 'yan rediyo an horar da kunnenmu a kan shiru, don shiru a iska laifi ne. Na ji wuƙar ta tsaya. Na ji, amma ban fassara ba.

“Sai na cire shi gaba ɗaya, Yaya. Ko ɓurɓushinsa ba zan bari ba. Tsohon bai taɓa yi mini haka ba.”

Labule ya ɗaga. Inna ce, wuƙa a hannu ɗaya, rabin dankali a ɗayan.

“Wane tsohon?”

“Tsohon direban, Inna,” ƙanwata ta amsa, kanta na cikin akwati.

“Akwai wani ne kafin wannan?”

“Akwai mana. Ya yi mini aiki sosai, sai dai ba shi da ƙarfi.”

Inna ta zauna a bakin gado a hankali. Ta dube ni, ta dubi bayan 'yarta.

“Ke, fito ki dube ni. Direba nawa gare ki?”

A nan ne abin ya iso mana, mu biyu a tare. Na fara jin shi a ciki kamar tari, na yi ƙoƙarin haɗiyewa, irin haɗiyar da muka koya don kada dariya ta kama mutum a tsakiyar sanarwar rasuwa. Ban iya ba. Tocilar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado. Ƙanwata ta durƙushe tana bugun katifa, hawaye na zuba, in ta ɗago za ta yi bayani sai ta ga rabin dankalin ta sake kifewa. Ba mu san Inna ta fita ba. Da muka dawo hayyacinmu sai muka jiyo muryarta a tsakar gida, a waya, cikin natsuwa: Kawu ya zo bayan La'asar, maganar Asabar a ɗan dakata, yarinyar da bakinta ta ce za ta cire shi.

Dariyar ƙanwata ta yanke. Ta ce, “Yaya, je ka.”

Na je da cikakken tabbacin mai sana'a. Ni da na fassara kasafin kuɗi da kusufin wata ga mutanen karkara, kalma ɗaya ba za ta gagare ni ba. Na tsuguna na ce, Inna, direban da ake magana ba mutum ba ne, wani rubutu ne da ake zubawa a cikin na'ura.

“Rubutu,” ta ce, ta ci gaba da fere. “To. Wa ya kawo abin da aka sa a akwatin?”

“Shi ne.”

“Kafin ya kawo, akwatin na aiki?”

“Yana yi.”

“Da ya kawo fa?”

“Ya ɗan yi, sannan ya daina. Amma...”

“Kuma da kunnena na ji ta ce direba ne. Ni ban yi boko ba, amma na zauna da direba. Ruwa ba ya tsami banza.”

Na ce kalmar ce iri ɗaya, ma'ana biyu.

“Kai ɗan rediyo ne, ai gyaran magana aka ɗauke ka yi. Ranar da aka ƙara kuɗin mai ba kai ka ce an daidaita farashi ba?”

Ni ne na ce.

Na lura da wani abu a fuskarta da ya sa na daina murmushi. Inna ba ta da ƙarancin fahimta. Ta samu ƙofar da ta daɗe tana nema ne, kuma ba ta da niyyar barin wani ɗan fassara ya rufe mata ita da surutu. Daga ƙarshe ta ajiye wuƙar ta yanke hukunci. In akwatin ya tashi kafin Kawu ya iso, ta ji, rubutu ne. In bai tashi ba, direba ne, kuma ita direba ɗaya ta sani.

Na koma na isar da saƙon kamar yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ƙanwata ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta ce in nemo tocila.

Ta bi abin daki-daki. Ta duba wayar hoto, ta tabbatar a jikin katin take. Ta canza wata wayar. Ta zare katin, ta hure mazauninsa, ta mayar har ya yi ƙas. Ta taɓa wayoyin wutarsa ɗaya bayan ɗaya. Kowane gwaji da abu ɗaya yake ƙarewa: tambari, ɗigo, baƙi. Ta ce katin lafiyarsa ƙalau, tunda yana nuna tambari. Inda ake mutuwa shi ne daidai lokacin da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ke miƙa wa direban sitiyari. Na roƙe ta ta rage murya.

Akwai wata hanya da suke kira sef mod, inda kwamfuta ke tashi da abin da ya zama dole kawai, ba ta kiran direban kowa. Na ce mu kira shi tashin lallaɓa. Ta ce in kira shi duk abin da na ga dama, matsalar ita ce ƙofar shigarsa tana bayan wannan baƙin. Dabara ɗaya ta rage: a katse wa kwamfutar wuta tana tsakiyar tashi, a maimaita, har ta gane da kanta ba ta da lafiya ta buɗe shafin gyara. Amma bidiyon wata amarya na ciki, ba ta kwafe shi ko'ina ba, kuma uwar amaryar ba ta san wasa ba. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta ɗauke. Ta sake ɗorawa, ta ɗauke.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Ashe tun lokacin dariyar ta tura wa mutumin nata saƙo, wai Inna ta ce shi ya kashe kwamfuta, ta bi shi da fuskokin dariya. Shi bai ga abin dariya ba. Ya bar layinsa a tasha ya hau keke ya taho. Na same shi tsaye, hula a hannu.

“Yaya, wallahi bel na ɗaura masa. Ko rami ɗaya ban faɗa ba. Wata Hajiya ta yi ta faɗa a kan kujerar gaba, na ce mata akwai mai ita.”

Na ce na sani, zomo ne ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Inna ta ji sallamar. Kunyar surukai ba ta barin ta yi magana da shi kai tsaye, ko da kuwa surukutar ce take ƙoƙarin sokewa. Shi ma ba zai wuce zaure ba. Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, kowa na jin numfashin kowa, amma sai aka bi ta kaina.

“Ka ce masa an gode da ɗawainiya.”

Na juya. “An gode da ɗawainiya.”

“Ka ce wa Inna ba komai, yi wa kai ne. Ka ce mata in nawa ne laifin, yau zan koma Kano in canzo.”

Na juya. Kafin in buɗe baki ta ce, “Ka ce masa ba sai ya koma ba. Hadari ya haɗu.”

Wannan ban yi saurin isar da shi ba, don na ji muryar da ta faɗe shi da ita. Muryar da take yi wa Babanmu magana da ita ce in ya ɗauki makulli da damina.

Hadarin kuwa ya haɗu, irin na Jos, wanda ke tasowa daga bayan duwatsu ba sallama. A unguwarmu in iska ta kaɗa, wuta rawa take fara yi. Ƙanwata ta kunna kwamfutar don gwaji na ƙarshe kafin ta yi ƙarfin hali, ɗigon na cikin zagaye, sai ɗif, aka ɗauke. Ta dafe kai. Kafin ta gama salati aka dawo da ita. Ta kunna da sauri don ta ga ko an yi ɓarna, ɗigo suka fara, aka sake ɗaukewa. Abin da ta kasa yi da yatsanta, masu wuta suka yi mata kyauta, har da ƙari. Da wutar ta dawo ta zauna, sai ga wani shuɗin shafi ya bayyana yana tambaya cikin ladabi ko muna son gyara.

Ban taɓa jin an sa wa masu wuta albarka a gidanmu ba sai ranar. Ƙanwata ta yi wata 'yar rawa a zaune. Na leƙa zaure na ba da rahoto cewa an samu ci gaba, ana kuma ci gaba da tattaunawa. Mutumin ya ce, “Allah ya sa alheri,” da fuskar mai jira a ƙofar ɗakin haihuwa.

Tashin lallaɓa ya yi. Kwamfutar ta buɗe, komai ya kumbura, gumakan fuskarta, wato 'yan hotunan da ake latsawa, manya-manya kamar faifai. Abu na farko, ta kwafe amarya zuwa wani faifan ajiya. Sannan ta cire sabon direban, ta sake ɗora shi a tsanake, ta tayar. Tambari, ɗigo, baƙi.

An riga an yi Azahar. Ruwa na dukan kwano har sai an ɗaga murya. Ta sake komawa ta shuɗin shafin, wannan karon da yatsanta ta katse wutar, ba ta ko ƙifta ido ba. Ta zauna tana kallon manyan gumakan, ta ciji leɓe. Inna ta shigo da sunan neman almakashi, ta tsaya a bayanmu tana kallo.

“Har yanzu direban ne?”

“Shi ne, Inna.”

“Sabon ko tsohon?”

“Sabon.”

“To ni abin da ban gane ba,” Inna ta ce, da alama neman ƙarin hujja take, “da kika kawo na biyun, kin sallami na farkon?”

Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta tsaya. Ta juyo a hankali.

“Ban sallame shi ba.”

“Yana ina?”

“Yana ciki.” Ta riga ta juya tana latse-latse. “Katinsa na cire, shi ban cire shi ba. Kuma ba kamfaninsu ɗaya ba. Yaya, duba, ga shi nan zaune. Su biyu ne suke kokawar sitiyari.”

“Direba biyu a mota ɗaya,” in ji Inna. “Ko Babanku da ya fi kowa haƙuri ba zai yarda ba.”

Daga zaure, cikin ƙarar ruwa, aka ce, “Yaya, ka ce wa Inna gaskiyarta ne.”

Na ce wa Inna gaskiyarta ne. Ta ce ta ji.

Ƙanwata ta samo wata manhajar shara ta wayarta, wadda ke bin direba lungu-lungu ta kwashe har sawunsa. Ta share tsohon, ta share sabon, akwatin ya zama ba direba ko ɗaya. Sannan ta ce in zare wayar intanet. Na tambayi dalili. Ta ce in an bar babbar manhajar da intanet, karambani take yi, ta ɗauko wani direban da kanta ta cusa.

“Na uku?” Inna ta ce.

Dariyar ta sake kama mu, amma yanzu da tsoro a cikinta, ga kuma gefen bakin Inna na motsi tana danne shi da gyale. Ƙanwata ta ɗora sabon direban shi kaɗai, ta latsa a sake tashi. Daidai nan ladanin unguwa ya kira La'asar.

Tambari ya fito. Ɗigo suka zagaya. Fuskar ta yi baƙi.

Ba wanda ya yi motsi. Na ji ruwa na sauka daga indararo cikin bokiti, na ji mutumin zaure ya gyara tsayuwa. Baƙin ya daɗe har na fara shirya jimlar da zan kai masa. Sai fuskar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta buɗe tar, komai ƙanana, komai a wurinsa. Ƙanwata ta buɗe bidiyon amarya, amarya ta taho cikin lafaya, sumul, ba tsallaken kwata, har ana ganin zanen lallen yatsunta.

Inna ta matso da fuskarta kusa da gilashin. Ta daɗe tana kallo.

“Wannan ba 'yar gidan mai ɗinki ba ce? Ta yi ƙiba.” Ta miƙe. “To yanzu ku faɗa mini da Hausa. Mene ne aikin shi wannan rubutun?”

Amsar ta zo mini da sauƙi, don tun rana nake yin aikin da ƙafata. Na ce, Inna, katin da kwamfutar kusa suke da juna, amma ɗaya ba ya yi wa ɗaya magana kai tsaye. Sai an samu na tsakiya, ya ɗauko daga nan ya kai can. Ba tuƙi yake yi ba. Da ni aka tambaya tun farko, da tafinta na sa masa.

“Tafinta,” ta ce, tana auna kalmar. “Ashe tafinta ne ya hana mu sakat tun safe.” Ta dube ni sama da ƙasa. “Ni kuwa tafinta ɗaya na sani a gidan nan.”

Na karɓi hukuncin ba ɗaukaka ƙara.

Kawu ya iso bayan sallah, babbar rigarsa a jiƙe, da fuskar wanda ya shirya doguwar muhawara tun daga gida. Ya tarar da mai neman aure a zaure da kwanon dankali da ƙwai a gabansa. Ya shiga ciki ya zauna, ya yi gyaran murya, ya fara da cewa shi aure abu ne na haƙuri. Inna ta bar shi ya kai tsakiya, sannan ta ce Asabar tana nan, ya sha shayi. Ya tambayi abin da ya faru. Ta ce yara ne da maganar zamani, an sallami wanda za a sallama. Kawu ya dube ni, na ce masa cikakken bayani zai zo daga baya.

Da ruwa ya tsagaita mutumin ya miƙe zai koma tasha, ya ce in yi masa sallama da Inna. Na tsaya a wurina na tsakiya, tsakanin zaure da tsakar gida. Tana tsugune tana kwashe ɓawon dankali, ba ta ɗago ba.

“Ka ce masa ya gaida gida.”

Na faɗa.

“Ka ce masa in ya isa Kano ya riƙa bugo waya. Kowace tafiya, ba sai an tambaye shi ba.” Ta zuba ɓawon a bokiti. “Ba ni zai bugo wa ba. Amma zan ji.”